Lambu a tsakar gida, yara a jirgi: shirin tafiyar mako biyu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Uwar da ke da buhunan tumatir da tattasai a tsakar gida, ga goyo, ga ɗan shekara uku, kuma an yanki tikitin jirgi zuwa Legas ko Umara, abu biyu ne a gabanta da ba sa haɗuwa a daren tafiya: ruwan da shuka za ta sha bayan an kulle ƙofa, da abin da za a shimfiɗa wa yaro a filin jirgi, a kuma lulluɓa masa idan sanyin cikin jirgi ya taso. Haɗa akwati aikin yini ɗaya ne. Waɗannan biyun kuwa sai an ƙirgo mako shida baya daga ranar tashi.

Mu fara da lambun, don shi ne ba ya jiran kowa. Abu na farko da za ki duba shi ne matakin da tafiyar za ta riski shukar a kai. Tumatir irin Roma VF ko UC82B, waɗanda manoman rani suka saba da su a Kura da Kadawa, yakan yi kamar mako huɗu a gadon reno kafin dashe, ya fara fure mako uku zuwa huɗu bayan dashen, a fara tsinka bayan kwana 60 zuwa 75 da dasawa. Akwai lokuta uku da ba a barinsa a hannun sa'a. Yana gadon reno, saiwarsa ba ta wuce tsawon yatsa ba, ranar yini ɗaya ta isa ta ƙone shi. Sai kwana goma na farko bayan dashe, kafin ya kama ƙasa. Sai kuma lokacin da 'ya'ya ke girma suna nuna, lokacin da ya fi shan ruwa. Tazarar da ta fi sauƙi ita ce daga mako na biyu zuwa na huɗu bayan dashe: saiwa ta kama, ganye bai cika ba, abin da yake sha kaɗan ne. Don haka in kin san ranar tafiya tun da wuri, ki zuba iri saura mako shida, ki dasa saura mako biyu. In lissafin bai ba da haka ba, ki ajiye irin sai kin dawo.

Kuɓewa ita ce babbar maƙiyiyar matafiyi. Daga buɗewar fure, kwana huɗu zuwa shida ɗan ya isa tsinka, in ya wuce haka ya yi tauri ya zama itace, kuma uwar da aka bar wa 'ya'ya suka ƙosa a jikinta sai ta rage haihuwa, don a wurinta ta gama aiki. Latas ma ba ya haƙuri; ƙishin kwana biyu a zafi ya isa ya miƙe ya yi ɗaci. Zogale, yakuwa, da attaruhun da ya riga ya girma, waɗannan suna jure sakaci fiye da sauran.

Yanzu lissafin ruwa, wanda yawancinmu ke yi da ka, shi ya sa yake ƙarewa a kwana na biyar. A hunturu, tumatir babba a cikin buhu yakan sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40, ya kai uku. Buhu goma, lita biyu-biyu, kwana 14, lita 280 ke nan, wato ya fi cikin duro mai lita 200. Kwamin ƙasa mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita uku yakan rasa lita 15 zuwa 18 a yini ta hanyar rana da iska. Idan kin ga wannan adadi, za ki gane cewa gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da ake hudawa a kife a gindin shuka dabara ce ta tafiyar ƙarshen mako. Kwana ɗaya zuwa uku take yi, shi ke nan. Kuma ki ƙara kwana uku a kan lissafinki idan tafiyar ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, domin hazo kan hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, a ɗage tafiya ba da son kowa ba.

Hanyar da ta fi dacewa da shukar buhu ita ce robar ƙarin ruwa irin ta asibiti, sabuwa fil daga kemis. Kada a ɗauko wadda aka yi wa mara lafiya aiki da ita, kuma a cire allurar a zubar inda yaro ba zai gani ba. A jikin ledarta za ki ga an rubuta cewa ɗigo 20 ne ke yin mililita ɗaya. To, ɗigo ɗaya duk bayan daƙiƙa uku zai ba ki ɗigo 20 a minti, wato kusan lita ɗaya da rabi a yini. Jarka mai lita 25 za ta kai kwana 17 a kan buhu ɗaya. Ki huda jarkar kusa da gindi da ƙusa mai zafi wadda ba ta kai kaurin bakin robar ba, ki cusa shi da ƙarfi, ki liƙe gefen da gam. Ki ɗora jarkar a kan benci ko bulo, ta fi buhun tsayi da aƙalla rabin mita, ki daidaita ɗigon da 'yar tayar nan da ake murzawa, ki kafe ƙarshen robar da ɗan tsinke yatsu huɗu daga gindin shuka.

Abubuwa uku ne ke lalata wannan tsarin, kuma dukansu ba sa nunawa a ranar farko. Idan an ɗaure murfin jarka tam, iska ba ta shiga, ruwa sai ya tsaya bayan 'yan sa'o'i. A sassauta murfin kaɗan. Idan rana na dukan jarkar da robar, gansakuka na fitowa ta toshe hanya. A rufe da tsohon buhu, a kuma tace ruwan da ƙyalle kafin a zuba, musamman na rijiya ko na 'yan garuwa. Na uku, ɗigon yana raguwa da kansa yayin da ruwa ke sauka a jarka, kuma robar da aka matse takan lotsa ta canja. Maganin duka ɗaya ne: a haɗa saura mako guda, a ja layi da biro a jikin jarka kowace safiya, a ga abin da yake tafiya da gaske, a gyara.

Ga kwamin ƙasa kuwa, ni dai ban ga abin da ya kai tulu ba. Tulun ƙasa wanda ba a yi masa fenti ko shafe ba, mai cin lita takwas zuwa goma, a binne shi har wuya a tsakiyar shuka. Ruwa na tsattsafowa ta jikinsa, kuma idan ƙasar gefensa ta jiƙe sai tsattsafin ya ragu da kansa, ta bushe ya ƙaru. Yakan jiƙa kamar taƙi ɗaya da rabi a kewayensa, ya isa shuka uku ko huɗu. Kafin ki saya, ki sa mai tukwane ya zuba ruwa: in bayan ɗan lokaci jikinsa ya yi gumi, shi ne, in ya zauna a bushe, an gasa shi da yawa, ya fi kyau da ajiyar ruwan sha. A rufe bakinsa da faranti a danne da dutse saboda sauro da ƙadangaru. Sai dai cikinsa ba ya wuce kwana huɗu zuwa bakwai, don haka ana buƙatar wanda zai zo ya cika sau biyu ko uku.

Wannan ya kawo mu ga mai bayi, wato wanda zai riƙa ba shukar ruwa, ko maƙwabciya ce, ko ƙanin maigida, ko almajirin gida. Shukar da aka bar wa amana ta fi mutuwa da yawan ruwa a kan rashinsa, domin mutum yana tsoron a dawo a ce bai kula ba, sai ya riƙa kwarara bokiti safe da yamma har saiwa ta ruɓe. "Ka riƙa ba su ruwa" ba umarni ba ne. Ki ba shi gwangwani guda, ki ce biyu ga kowane buhu, da safe kawai. Ki nuna masa yadda zai soka yatsa gaɓa biyu a ƙasa: da damshi a bari, a bushe a zuba. Ki kuma ce duk abin da ya nuna nasa ne, ya tsinka ya kai gida. Kyauta ce a fuska, amma lambun ne ke cin riba, don shukar da ake tsinka ita ke ci gaba da haihuwa. Duro ko randar da za ki bar masa ta kasance da murfi mai nauyi, in akwai yara a gidan ko maƙwabta da ke shigowa.

Duk hanyar da kika bi, ki rufe fuskar ƙasa da buntun shinkafa, bawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, kaurin yatsu uku zuwa huɗu, ki bar ɗan fili a kewayen kara don kada ya ruɓe. Karan dawa na jawo gara, a kiyaye. Ki tattara buhunan wuri ɗaya a gabashin katanga, inda za su sami hantsi, katangar ta tare musu ranar la'asar. Kada dai a kai su inuwa ɗungurungum; kayan miya na son rana ta sa'a biyar zuwa shida. Kada ki zuba takin zamani, musamman yuriya, a makon tafiya: yana fito da sabon ganye mai laushi mai shan ruwa, kuma in ƙasa ta bushe gishirinsa ya ƙone saiwa. Ana jibi tafiya ki tsinke duk tumatirin da ya fara sauya launi, ki tsinke kuɓewa har ƙanana, ki yanke alayyafo ki bar kamar taƙi guda daga ƙasa don ya sake tohowa. Abin da ba za a cinye ba a yanka a shanya.

Ki kuma juya ganyen tumatir ki duba. In kin ga wasu fararen tabo kamar an kankare cikin ganyen an bar fatar, tsutsar nan ce da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir na Kano da Kaduna a 2016 har farashi ya yi tashin gwauron zabi. Mako biyu ba mai dubawa ya ishe ta. Ki cire ganyen da ta shiga ki ƙone ko ki binne, ki daka 'ya'yan darbejiya giram 50 ga kowace lita ta ruwa, ya kwana a jiƙe, ki tace, ki sa ɗan sabulu kaɗan, ki fesa da yamma har ƙarƙashin ganye. Yana rage ta, da darɓa da farin ƙuda, amma ba ya kawar da ita, sai ana maimaitawa duk mako. In tafiyar damina ce kuwa, matsalar ta juye: ki ɗora buhuna a kan bulo, ki ƙara huda gindinsu don ruwa ya fita, ki kafa wa kowace shuka sanda ki ɗaure saboda iska.

Bargon haɗe-haɗe

Makonni shidan nan da ake jiran tumatir su ne lokacin ɗinka bargon. Jiragen cikin gida ba su cika ba da abin rufa ba, ɗakin jira kuwa tayil ne mai sanyi wanda dubban takalma suka taka. Zani ya yi shara-shara a shimfiɗa, bargon kasuwa mai gashi ya cika jaka shi kaɗai. Abin da ya dace shi ne ɗan bargo mai hawa uku, santimita 90 a faɗi, 120 a tsayi, nauyinsa wajen rabin kilo, wanda za a naɗe ya shiga gefen jakar hannu. Kuma kayan haɗinsa suna nan a ledar ragowar atamfa da tela ke dawo da ita, in kin tuna kin ce ya dawo da ita.

Zaɓen ƙyalle ne rabin aikin. Auduga zalla, masu kauri iri ɗaya. Kada a haɗa atamfa da leshi, ko da yadin roba mai santsi, ko da mai talewa, don kowanne da yadda yake motsewa a wanki, bayan wanki biyu bargon ya karkace. Shadda na yiwuwa, amma sai an wanke ƙyallin nan da sitacinta sun fita, in ba haka ba allura na shan wuya kuma huda na zama a jiki. Kowane ƙyalle a wanke shi, a shanya, a goge kafin almakashi ya taɓa shi. Sabuwar auduga takan motse kashi uku zuwa biyar cikin ɗari a wankin farko, tsohuwa ta riga ta gama nata. In an haɗa su ba wanki, sabuwar za ta ja tsohuwar ta tattare. Ja, shuɗi mai duhu da rinin baba su ne masu zuba. Ki jiƙa ɗan yanki a ruwan ɗumi tare da farin ƙyalle. In farin ya ɗauki launi bayan wanki biyu, ki cire wannan daga lissafi, komai kyansa.

Ki yanki kwali mai tauri, santimita 12 a kowane gefe, ki tabbatar kusurwoyinsa sun miƙe ta hanyar gwada su da kusurwar littafi. Da shi za ki zana a bayan yadi ki yanka, kina bin miƙewar zaren yadin, domin abin da aka yanka a karkace yana talewa a ƙarƙashin keke. Ɗinki zai ci santimita ɗaya a kowane gefe, kowane gida ya koma 10. Gida tara a faɗi, jeri 12 a tsayi, guda 108 ke nan. Atamfa mai faɗin santimita 115 takan ba da gida 63 a yadi ɗaya, don haka ragowar da ta kai yadi biyu a haɗe ta wadatar. Ki baje su a ƙasa, mai haske kusa da mai duhu, ki ɗauki hoto da waya kafin yara su shigo su watsa, sannan ki tattara kowane jeri daban ki maƙala masa lamba.

Inda masu farawa ke faɗuwa shi ne santimita ɗayan nan. Ki liƙa salatif a kan farantin keke, daidai santimita ɗaya daga allura, ki riƙa bin gefensa. In kin kauce da milimita ɗaya kacal a kowace gaɓa, yadi biyu ne suka rasa shi, gaɓa takwas a jeri, jerin ya gajarce da fiye da santimita ɗaya da rabi, kusurwoyi su ƙi haɗuwa da na jerin ƙasa. Bayan kin gama jeri 12, ki kwantar da bakin ɗinkin da dutsen guga: jeri na ɗaya zuwa dama, na biyu zuwa hagu, haka har ƙarshe. Idan kin zo haɗa jeri da jeri, gaɓoɓin za su shige juna su kulle, kauri kuma bai taru a wuri ɗaya ya karya allura ba. Dannawa ake yi a ɗaga, ba a jan dutsen kamar gugar riga, don jan yana miƙar da yadi. Ki soka fil a kowace mahaɗa kafin ki ɗinka.

Hawa na tsakiya, telolin da ke ɗinka kayan gado suna sa faiba, wato audugar roba. In ita za ki sa, ki nemi mafi siranta. Mai kauri na riƙe zafi, tana cika jaka, kuma keken gida ba ya iya haɗiye ta. Ni na fi son tsohon zani mai laushi ko yadin fulanel. Haka matan Bengal, a Indiya da Bangaladash, suke yin nasu da ake kira kanta: tsofaffin sari ake jerawa a bi su da ɗinkin hannu, ba a cusa komai, kuma ƙasarsu ta zafi ce kamar tamu. Yadin baya da na tsakiya su fi fuskar girma da santimita biyar a kowane gefe, wato 100 da 130. Yadi ɗaya da rabi ya isa kowannensu. Ki shimfiɗa na baya a kan tayil, fuskarsa na kallon ƙasa, ki liƙe gefuna da salatif ya miƙe ba tare da kin ja shi ba, ki ɗora na tsakiya, ki ɗora fuska. Ki kama su da fil mai makulli, tazarar dunƙulen hannu tsakanin kowane biyu, daga tsakiya zuwa gefe. Ki ƙirga fil ɗin kafin da bayan aiki, ki ajiye maganaɗisu kusa, domin mai rarrafe ya fi ki ganin abin da ya faɗi.

Ɗinkin da zai haɗe hawa ukun, mafi sauƙi shi ne layi miƙaƙƙe daga kusurwa zuwa kusurwar kowane gida. Allura lamba 14, tsawon taku milimita uku, wanda a keken Butterfly ko tsohon Singer yake wajen lamba 8. Ki fara da layin tsakiya ki riƙa fita gefe. In kin ga bayan yana tattarewa, dalilin shi ne haƙoran keke na jan yadin ƙasa, ƙafar da ke dannewa kuma tana tura na sama baya. Ki sassauta noti na saman kan keke da ke matse ƙafar, ki rage gudu, ki tallafi nauyin bargon a kan tebur don kada ya rinjayi allura. Kada tazarar layi da layi ta wuce santimita 10, in ba haka ba na tsakiya zai dunƙule a wanki.

Sai baki. Ki datse rarar gefe, ki yanki tsiri biyar masu faɗin santimita 7 daga gefe zuwa gefen yadi, ki haɗa su su zama igiya ɗaya. Kewayen bargon santimita 420 ne, ana son rarar 30. Ki ninka ta biyu a tsaye ki goge, ki ɗinka buɗaɗɗen bakin a fuskar bargo, ki juya ninkin zuwa baya ki kama da ɗinkin hannu. A kusurwa, ki tsaya saura santimita ɗaya, ki ɗaga tsirin sama, ki sauko da shi a kan gefe na gaba, sannan ki ci gaba. Kada a sa maɓalli, duwatsu ko wani ado da zai ɓalle ya shiga baki. Kuma jaririn da bai cika shekara ba, ba a lulluɓa masa bargo a bar shi yana barci ba ido a kansa. Nasa na shimfiɗa ne, ko rufin ƙafa yana jikinki.

Ranar tashi

Kowane yaro da fasfonsa idan ƙetare za a je, ko da ɗan wata ɗaya ne, kuma ƙasashe da yawa na son ya kasance saura aƙalla wata shida ya ƙare. Sunan da ke tikiti ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi. Masu zuwa Umara su tuna Saudiyya na neman shaidar rigakafin sanƙarau da aka yi aƙalla kwana goma kafin isa, ga na shawara da na shan inna ga masu fitowa daga Najeriya, don haka a je asibiti da katin yara tun ana zuba irin tumatir. Goro kuma a bar shi a gida. Hukumar alhazai ta sha jan kunne a kai.

Yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya yake tafiya, amma sai an yi masa nasa tikitin. In zai cika shekara biyu kafin ranar dawowa, sai an saya masa kujera a dawowar, a faɗa wa mai yankar tikiti tun farko. Ba a zaunar da mai yaro a layin ƙofar gaggawa, kuma yawanci ba a haɗa 'yan cinya biyu a jerin kujeru ɗaya saboda abin shaƙar iska na ƙari ba shi da yawa. Masu tagwaye su san za a raba su da maigida. A doguwar tafiya kamar Kano zuwa Jidda, wadda ke cin sa'a huɗu da wani abu, wasu jirage na da ɗan gadon jariri da ake maƙalawa a bango, amma sai an nema tun wajen sayen tikiti, kuma kowane kamfani da iyakar nauyin da yake karɓa.

Jakar hannu galibi kilo bakwai ce. A wurin bincike, abu mai ruwa ba ya wuce mililita 100 a kowane mazubi, amma madara da abincin jariri ana bari gwargwadon buƙatar tafiya. Ki ware su a leda ɗaya a saman jaka don ki fito da su ba tare da kin zazzage komai ba. Fawa-bank a jakar hannu yake tafiya, ba a sa shi a akwatin da za a auna. Almakashi, fil da allurai kuwa akasin haka, su tafi cikin akwati. Dokokin wurare da dama sun yarda da almakashin da bakinsa bai kai santimita shida ba, amma jami'in da ke gabanki shi ne mai yanke hukunci, kuma mai goyo ba ta da hannun ɗinki a jirgi. In bakin bargon bai ƙarasa ba, a ƙarasa a masauki. Ki sa kayan canji biyu na yaro, da riga ɗaya taki, domin wanda ya yi amai a cinya ba kansa kaɗai ya ɓata ba. Kunzugu ɗaya ga kowace sa'a biyu, ki ninka saboda jinkiri, ki kuma canja masa dab da shiga jirgi, don banɗakin ciki ƙarami ne.

Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, shi ya sa iskar da ke cikin kowane rufaffen abu take kumbura. Fidar da aka cika aka ɗaure a ƙasa za ta yi tsartuwa a sama. Ki ɗan kwance murfin bayan an tashi, ki sake ɗaurewa. Iskar kuma busasshiya ce ƙwarai, damshinta bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, mai shayarwa ta riƙa kurɓar ruwa ko ba ta jin ƙishi. Kukan da yara ke ɓarkewa da shi kuwa na kunne ne. Akwai 'yar hanya tsakanin kunne da maƙogwaro da ke daidaita iska idan an haɗiye yawu, a yara ƙarama ce, tana saurin toshewa, balle da mura. Ya fi tsanani wajen sauka, kuma sauka na farawa kamar rabin sa'a kafin taya ta taɓa ƙasa. Ki ja lokacin shayarwa ya faɗo nan: nono, fida, ko kofi mai tsinke ga babban. In yana barci ki tashe shi a hankali, don mai barci ba ya yawan haɗiya. Alawa mai tauri ba ta dace da ɗan ƙasa da shekara huɗu ba saboda shaƙewa. Maganin mura mai sa barci da wasu ke ba yara don su yi shiru, kada a yi. Wasu yaran ma firgita su yake yi su ƙi zama. Yaron da ke ciwon kunne a kai shi likita kafin tafiya.

Bayan an dawo, kada tausayi ya sa ki kwarara wa lambu ruwa lokaci ɗaya. Tumatirin da ya sha ƙishi in ya sami ruwa mai yawa farat ɗaya, cikin 'ya'yan na kumbura fiye da yadda fatar za ta iya, sai su tsattsage. Wanda kika tarar gindinsa ya yi baƙi ya lotsa, ba cuta ba ce da za a fesa wa magani. Ruwa ne ya riƙa yankewa, sinadarin kalsiyam bai isa ƙarshen ɗan ba. A tsinke su, na gaba za su fito lafiya in bayi ya daidaita. Ki ba da rabin ruwa da yamma, rabi da safe, ki jira kwana uku kafin ki tuge abin da kike zaton ya mutu. In kin kankare kara da farce kika ga kore, da ransa. Taki sai sabon toho ya fito.

Fakitin iri masu kyawun hoto da ake gani a kantunan waje, shigo da su na buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, kuma jami'anta na filin jirgi suna da ikon karɓewa. Ko an shigo da su ma, ba duka ke yi a nan ba. Yawancin albasar arewacin Turai sai hasken yini ya kai sa'a 14 zuwa 16 take yin kai, a Kano kuwa yini mafi tsawo bai cika sa'a 13 ba. Za ta tsiro, ta yi kore shar, amma lawashi kawai za ki ci.